Goyon Isufu da Ta'aziyyar Matata Mai Rai

Ranar Alhamis, sha uku ga watan Fabrairu na shekarar 2025, bayan sallar la'asar, Isufu ɗan Isa mai faci ya yi sallama a ƙofar gidana da kare a bayansa. Daga wannan sallama abin ya fara, kuma ina so kowa ya riƙe haka, don yanzu akwai masu cewa wai ni na je na neme shi.

Ni ne Mushe Ibram na bayan tsohuwar tasha, Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a nan. Na koyar a lekol, makarantar boko, a Gure da Kelle da Alakos har gashina ya yi fari, sannan na ajiye alli. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda ni na koya musu riƙon alƙalami. Isufu ma ya bi ta hannuna. Ya maimaita aji shida, kuma tun a lokacin, in aka tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ba da amsar ƙarya da murya mai ƙarfi har sauran yara su fara shakkar littafi.

Ya yi ƴan shekaru a Yamai yana tuƙa wata Baturiya mai aikin furoje na raya karkara. Da za ta koma ƙasarsu, ta bar masa karenta da jakar ɗaukarsa. Karen bai fi kyanwa mai ƙoshi girma ba, fari, gashi ya rufe masa ido, sunansa Biju. Jakar kuwa ta ratayawa a baya ce, mai igiya biyu, da wata taga ta roba mai ƙumbo kamar murfin tukunya, inda karen ke leƙen duniya.

Isufu ya durƙusa ya gaishe ni, karen ya zuba mini ido ta saman kafaɗarsa.

"Mushe, barka da hutawa. Na zo maka da arzikin garin nan."

Na ce, "Arzikin ne ke leƙo ni ta taga?"

"Wannan ai Biju ne. Ya ga Yamai, ya ga teku, ya kwana a otal. Mushe, ni na zauna da Turawa, na san su ciki da waje. Abu biyu suke so a duniya: tafiya a ƙasa ba dalili, da kare. Mu kuwa ga duwatsu, ga tuddan rairayi, ga tafiyar banza iya ganinka. Jibi Asabar za mu hau duwatsun hanyar Kelle. Ni da Biju a baya, kai kana bayani da Faransanci, ina ɗauka a waya. In na sa a intanet, kafin damina Turawa sun cika Gure. Otal zan gina. Har na zaɓi fili."

Na ce, "Isufu, kare ƙafa huɗu gare shi, kai biyu. Don me mai biyu zai ɗauki mai huɗu?"

"Ilimin zamani ne, Mushe. Lokacinku ba a kai wannan darasin ba."

Na yarda, kuma ba na ɓoye dalilina. Duwatsun nan suna da sunaye da tarihi, yaran yanzu ba su san ko ɗaya ba, ban kuma taɓa samun wanda ya nemi in faɗa a ajiye ba. Amma na kafa masa sharaɗi: karen ba zai taɓa jikina ba, ba zai taɓa tufafina ba, ba zai kusanci butata ba. Ya rantse. Matata Balkisa kuwa da safiyar ranar ta tafi Bune sunan jikar ƙanwarta, sai Asabar da yamma za ta dawo. Da tana gida, da ba ta bar ni na fita ba, ta faɗa mini haka tun daga ranar ba sau ɗaya ba.

Asabar da sassafe Isufu ya iso cikin gajeren wando mai aljihu ko'ina, da baƙin tabarau, da sanduna biyu da ya ciro daga tsintsiyar lekol. Ya ce haka Turawa ke tafiya. Ni na sa rigata da farin rawanina na Juma'a, tunda za a ɗauke ni a hoto.

Ba mu kai ƙarshen layi ba Habsu mai ƙosai, maƙwabciyata, ta ajiye matsami ta riƙe haɓa.

"Isufu! Matarka Mardiya ta huta ke nan, kai ka karɓi goyo? Ƴaƴa uku ta haifa maka, ban taɓa ganin ka ɗauki ko ɗaya zuwa bakin ƙofa ba."

"Su ai ba su da takardar rigakafi ta Turai, Habsu."

"To Allah ya raya. Kamarku ɗaya, har gashin."

A tasha Ɗan Kasuwa mai shayi ya ɗaga murya, ya ce a saya wa yaron hula. Lawali mahauci ya ce in ya fara tafiya a kawo shi ya yi masa kyautar ƙashi. Isufu yana ɗaga musu sanda kamar mai yaƙin neman zaɓe, yana cewa nan da wata uku duk wanda ya yi dariya zai zo neman aiki a otal ɗinsa.

Karnukan bayan mahauta ne suka fara shiga lamarin. Sun ji warin kare, sun duba ƙasa ba su ga kare ba, sai suka yanke shawarar Isufu ne. Ya ce in tsaya in ga yadda ake yi wa kare magana. Ya yi musu wata tsawa da Faransanci. Karnukan Gure ba su yi lekol ba. Sai ga jagoran Turawa yana gudu cikin rairayi, sanda ɗaya ta faɗi, jaka tana tsalle a bayansa. Da na same shi a gindin wata aduwa, Biju ya amayar da kifin gwangwanin da aka ba shi da safe, ya shafe tagar daga ciki. Ruwan da Isufu ya kawo mana, ƴar kwalba ɗaya, a wankin jakar ya ƙare.

"Kada ka damu, Mushe. Akwai rijiya gaba kaɗan. Na san dajin nan kamar aljihuna."

Aljihunsa kuwa sun yi yawa, shi kansa bai san abin da ke cikinsu ba.

Da hantsi ya ɗaga, tagar roba ta fara aikinta. Wanda ya ƙera ta don ƙasar sanyi ya ƙera, a ranar Gure kuwa ta zama tanda. Na ce masa karen ya zaro harshe har ƙirji. Ya ce murmushi ne. Da murmushin ya kai ga karen ya kife, sai ya sauke jakar da sauri, ya zaro wuƙa zai yanke tagar don iska ta shiga. Ya yanke tagar, ya haɗa da igiyar kafaɗa ɗaya.

"To yanzu ya taka da ƙafarsa," in ji ni.

Ya ajiye shi. Biju bai yi taku goma ba ƙarangiya ta kama shi tun daga kunne har wutsiya, ya zama dunƙule guda, yana kuka kamar ƙofar langa-langa. Muna cikin haka inuwa ta gifta. Na ɗaga kai, sai ga shaho yana shawagi yana auna shi. Isufu ya faɗa kan karen da ciki, ya tashi da ƙarangiya a ƙirji da gwiwa da inda ba zan rubuta ba.

Daga wani aljihu ya jawo zanen matarsa Mardiya, wanda ya ɗauko don mu shimfiɗa mu huta. Ya mayar da karen cikin jaka, ya ɗora a baya, ya sunkuya, ya yafa zanen, ya ɗaure a ƙirji. Goyo sosai, yadda mata ke yi. Ya nemi in ara masa rawanina ya rufa wa karen don rana. Na ce a'a, na tuna masa rantsuwarsa.

Duk da haka na yi aikin da na zo yi. Na tsaya gaban babban dutsen, na yi bayani mai tsawo cikin Faransanci mai tsabta, Isufu yana riƙe da waya yana gyaɗa kai. Daga nan muka nemi rijiyar. Muka wuce wata bishiyar gawo mai karyayyen reshe. Muka yi tafiya mai nisa, muka sake wuce wata bishiyar gawo mai karyayyen reshe.

Na ce, "Isufu, wannan bishiyar mun gaisa da ita ɗazu."

"Ƙanwarta ce, Mushe. Ni da na tuƙa mota har Agadas ba zan ɓata a bayan gidanmu ba."

Azahar ta same mu a gindin ƙanwar ta uku. Ba ruwa, na cire rawani na rataye a reshe, na yi taimama, na tayar da salla. Ina sallamewa na duba reshe, babu rawani. Na duba gabas, sai ga Isufu can nesa yana sauri wajen wata ruga da ya hango, farin rawanina na Juma'a lulluɓe a kan goyonsa. Na kira shi har muryata ta dushe. Gwiwata ta dama ta daɗe ba ta son rairayi, don haka ya riga ni isa da tazara mai yawa.

Abin da ya faru a rugar kafin in iso, daga bakin mai rugar na ji shi daga baya, Jibirin, mutumin kirki, kuma a gaban shaidu ya faɗa. Mahaifiyarsa, tsohuwa Yabawa, ita ta fara ganin baƙon: namiji da gemunsa, da goyo a baya, an rufe da farin ƙyalle, cikin tsakar rana, a tsakiyar daji. Kowa ya san a ƙasar nan namiji ba ya goya jariri sai in babu matar da ta rage ta goya shi. Tsohuwa ta dafa ƙirji ta yi salati. Mata suka fito.

A nan Isufu yake da damar faɗin gaskiya. Amma ƙishirwa ta kama shi, ya kuma san ba wanda zai miƙa ƙwaryar shansa ga mutumin da kare ya yini yana lasar ƙeyarsa. Biju kuwa gajiya ta sa ya yi barci, ko motsi ba ya yi. Sai ɗalibina ya sunkuyar da kai ya ce:

"Jaririn Mushe ne, ga shi can tafe. Uwar ta rasu. Kada ku buɗe shi, idonsa ke ciwo, likita ya hana."

Ni ban san komai ba. Na iso ina ɗingishi, na tarar da maza sun miƙe tsaye. Jibirin ya kama hannuna da hannu biyu.

"Mushe, ashe abin da ya faru ke nan. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai."

A nan nake so a saurare ni da kyau, don a kan wannan ne Isufu yake ɗora mini laifi. Yayana Husseini ya rasu a daminar da ta wuce. Kowa ya san ta'aziyya ba ta tsufa. Wanda bai gan ka ba tun rasuwar, duk ranar da ya gan ka zai yi maka, ko bayan shekara ne, ko a kasuwa ne, ko a kan hanya. Kuma ba mutumin da aka yi wa tarbiyya da za a ce masa ya haƙuri, ya buɗe baki ya ce, wa kuke nufi? Na amsa yadda iyayena suka koya mini.

"Da godiya. Allah ya ba da lada."

"Rashi ne babba, Mushe."

"Babba ƙwarai. Tun muna yara muke tare, ba mu taɓa rabuwa ba."

Mata suka fashe da kuka. Ni har na ji daɗi a raina, na ce ashe Husseini ya yi zaman lafiya da mutane har cikin rugage.

Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono. Isufu ya shanye ƙwarya, ya shanye ta biyu, yana zaune a karkace don kada goyo ya taɓa ƙasa. Suna ta magana da shi da Fulatanci haɗe da Hausa can gefe, ni kuwa ba na jin Fulatanci, kuma hankalina yana kan rawanina. Daga baya na ji cewa Kadija matar Jibirin, wadda ke shayarwa, ta ce a miƙo mata maraya ta ba shi nono. Isufu ya ce likita ya ce sai na akuya. Nan take Jibirin ya shiga garke ya kamo akuyarsa mai nono, ja mai farin goshi, ya ba da ita sadaka. Da karen ya ɗan yi ƙara cikin barci, Isufu ya miƙe yana jijjiga shi yana rarrashi, Yabawa tana share hawaye tana cewa kukan maraya daban yake. Karnukan rugar kaɗai suka gane gaskiya. Sun kewaye shi suna gurnani, Jibirin ya bi su da sanda don rashin tausayinsu.

Na tambayi Isufu da Faransanci, don kada in kunyata shi, ko mutanen nan sun san abin da ke bayansa. Ya amsa da nasa guntun Faransancin cewa sun sani sarai, makiyaya ne, suna son dabbobi, akuyar ma gudummawa ce ga yawon buɗe ido. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma a idona ya yi ta.

Jibirin ya ce ba zai bar mu mu koma a ƙasa ba. Kafin ya ɗaura wa shanu amalanke, ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira abokinsa a Gure don a shirya tarbarmu. Abokin nan kuwa Ɗan Kasuwa mai shayi ne. Wanda ya san teburin Ɗan Kasuwa ya san gidan rediyo bai kai shi saurin isar da labari ba.

Muka kamo hanya. Ni a gaba kusa da Jibirin, wanda ba ya cewa komai sai "Haƙuri, Mushe" lokaci lokaci. A baya Isufu, Yabawa a damansa, Kadija a hagunsa, sun ce sai sun raka yaron har gida. Igiyar akuya kuwa a ɗamararsa ya ɗaure ta. A tsakiyar hanya Biju ya farka ya saki fitsari, ya bi bayan Isufu har cikin wandon mai aljihu. Na ji tsohuwa ta yi hamdala da ƙarfi. Ashe cewa take yi yaro mai fitsari haka zai rayu.

La'asar sakaliya muka shigo layinmu. Na hango rumfa a ƙofar gidana. Tabarmi tun daga bakin zaure har gidan Habsu. An kwaso bencuna daga lekol. Tsofaffin ɗalibaina, ƴan kasuwa, ma'aikata, ga liman Malam Idrisa a tsakiya da carbi. Daga cikin gida kukan mata yana tashi. Ana taimaka mini in sauka na ji Habsu tana gaya wa wata:

"Ni fa na lura. Tun bara take sa manyan hijabai. A shekarunta! Ikon Allah ya wuce wasa."

Matar da ake magana a kanta, autanta yana da gemu.

Liman ya matso ya kama hannuna. "Mushe, sai haƙuri. Masu haƙa suna jira. Gawar tana Bune ne, ko tana hanya?"

A ranar, karo na farko a rayuwata, na yi tambayar da ba a yi.

"Gawar wa?"

Liman ya dubi na kusa da shi, ya ce a hankali, "Abin ya taɓa shi." Wani ya kawo ruwa zai shafa mini a fuska. Na juya ina neman Isufu. Yana ƙoƙarin zamewa ta bayan amalanke, amma Yabawa ta riƙe bakin zanen gam, tana cewa a kai yaron cikin gida wurin mata.

Daidai nan motar Bune ta tsaya a bakin layi, inda ta saba ajiye mutane. Balkisa ta sauko da kwanon naman suna a kanta. Ta ga rumfa, ta ga tabarmi, ta ga liman. Mace ta bar mijinta tsoho a gida ta dawo ta tarar da haka, me za ta zata? Ta saki kwanon, nama ya watse, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Malam! Wayyo ni, Malam ya tafi ya bar ni!"

Jama'a suka waiwaya, suka ga marigayiya tana tahowa a guje tana kururuwa. Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba, ko ranar da aka ba da hutun bazata a lekol. Benci ya kife da mutum biyar. Lawali mahauci, wanda ke cewa yana kayar da bijimi shi kaɗai, ya haye katangar Habsu ya bar takalmi ɗaya. Liman bai gudu ba, a ba shi haƙƙinsa, amma ya rufe ido yana karatu da ƙarfi.

Balkisa ta tsaya a gabana tana haki. Ta taɓa hannuna.

"Malam, ba kai ka mutu ba?"

"A'a. Da alama ke ce."

"Ni? Me ya kashe ni?"

Daga bayan ƙyaure muryar Habsu ta fito, siririya: "Haihuwa."

Balkisa ta yi shiru. Wanda ya san ta ya san shirunta ya fi faɗanta haɗari. Ta gyara mayafi, ta dubi jama'ar da suka fara leƙowa daga lunguna.

"To madalla. Ina ɗan da na mutu a kansa? A ba ni in gani."

Yabawa ta turo Isufu gaba.

"Inna Balkisa, sannu da hanya," in ji shi. "Ai likita ya hana a buɗe..."

"Ni na haife shi, ni zan buɗe. Juya."

"Inna, idonsa..."

"Juya, Isufu, kafin in juya ka."

Ta kama ƙullin zanen ta fizge. Rawanina ya faɗi ƙasa. Wani kai mai gashi cike da ƙarangiya ya leƙo ta inda taga take a da, ya shaƙi iska, ya ji ƙamshin naman suna. Biju ya yi haushi ɗaya, ya dira, ya bi ta kan buzun liman, ya tsallake ƙafar Jibirin, ya cafki tsoka mafi girma, ya shige ƙarƙashin amalanke.

Kadija ta rungume ƙirjinta da hannu biyu. "Wannan na ce a miƙo mini?"

Yabawa ta dubi hannuwanta da suka yini suna shafa goyon, ta fara neman ƙasar wanke najasar kare. Jibirin ya juya sandarsa ya riƙe ta ta wajen siririn.

Ko a nan Isufu bai yi shiru ba. Ya hau kan bencin da ya kife, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku! Duk wannan cikin shirin yake. Ba na ce muku za a san Gure ba? Dubi taro! A Turai, in aka samu taro irin wannan..."

Ba mu ji abin da ake yi a Turai ba. Akuyar da ke ɗaure a ɗamararsa ta ga sandar Jibirin ta tashi, ta zabura, ta fizgo shi daga kan benci ya zo ƙasa da baya. Ya tashi ya ruga, akuya a gaba tana jansa, Biju a baya da nama a baki, yaran unguwa da karnukan mahauta suna rufa musu baya har tasha.

Mutane sun yi dariya, na sani. Har yau ana yi. Amma ga abin da ya rage mana a gida.

Labarin mutuwa ya shiga daji a waya, ƙaryatawar kuwa a Gure ta tsaya. Tun daga ranar, ba a yin mako ba a yi sallama a ƙofata ba: mutanen Alakos, mutanen Kelle, iyayen yaran da na koyar a ƙauyuka, wasu a kan raƙumi, wasu tafiyar yini, sun zo yi mini ta'aziyyar matata. Kuma matar ce ke kawo musu ruwan sha. Wani dattijo ya karɓi kofin, ya tambaye ni wace ce wannan, na faɗa masa, kofin ya faɗi. Wani kuma, don ya riga ya yi tafiyar, ya dube ta ya ce, "To, Allah ya jiƙanki duk da haka." A kasuwa masu kayan miya suna kiranta Marigayiya. Yaran da kakanninsu suka zauna a ajina suna bina a hanya suna cewa Baban Biju. Balkisa ta rantse ba za ta sake taka kasuwa ba sai an wanke sunanta a inda aka ɓata shi, kuma ba ta taɓa yin rantsuwa ta karya ba. Ni nake cefane yanzu, da wannan gwiwar.

Shi kuwa Isufu yana zaune a teburin Ɗan Kasuwa yana cewa laifin rabi da rabi ne, tunda ni na amsa ta'aziyyar da bakina. Na amsa ta yayana ce, kuma gobe aka yi mini zan sake amsawa. An nuna mini hoton bidiyon da ya ɗauka a gindin dutse. Ya juya wayar ta fuskance shi. Tun daga farko har ƙarshe hancinsa ne da baƙin tabarau, bayanina kuwa ana jinsa can ƙasa kamar kukan sauro. Na kuma ji yana neman wani dattijon da zai raka shi tafiya ta biyu. Ina gargaɗin duk wanda matarsa ta yi tafiya.

Ba na neman rawanin. Ya riƙe, ya yi wa karensa shimfiɗa. Karen ma ba ni da ƙara a kansa, shi kaɗai ne cikinsu bai yi ƙarya ba. Akuyar Jibirin kuwa, wadda aka bayar don maraya, Isufu yake tatsa yana shan shayi da nononta. Dole ya mayar da ita rugar da ƙafarsa, ya durƙusa gaban Yabawa da Kadija. In akuyar ta gaji a hanya, ya goya ta, ya riga ya iya.

Abin da nake nema na gaske shi ne wannan, kuma ba zan karɓi ɗan aike ba, ba zan karɓi goro a zaure ba. Ranar kasuwa mai zuwa, da hantsi, lokacin da mutanen ƙauyuka da na rugage suka cika, Isufu ɗan Isa ya tsaya a tsakiyar ƴan kayan miya, da karensa a baya, ba zane, ba lulluɓi, kowa ya ga jaririn. Ya faɗa da Hausa, a maimaita da Barbarci da Fulatanci, cewa shi ya ƙirƙiri ƙaryar, cewa ban haifi abin da ke bayansa ba, cewa Balkisa matar Mushe Ibram tana nan da ranta. Sannan ya nemi gafararta da murya irin wadda yake ba da amsar ƙarya a aji shida.

Balkisa ta ce za ta zo. Ta ce ita za ta ba shi amsa da bakinta, kuma ta yi mini alkawari duk wanda ya ji amsar, ko daga bakin tasha yake, ba zai sake shakkar tana raye ba.